Littafin Kunfu Mai Mutum Biyu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Matameye zuwa Damagaram, ga Ɗanjuma.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka barka da sauka. Allah Ya sa ka samu masauki mai albarka da abokan zama na kirki, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da wutar waldar da kake aiki da su. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Labarin gari kuwa ba sai na ba ka ba, da idonka ka bar shi: gero bai yi ba, soja sun karɓi mulki, kowa ya yi tsit yana duban sama.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ga tarho a aljihun kowa. Ka san ni da kai ba mu saba doguwar magana ba. Kai ne ɗan fari, kuma haka aka rene mu, uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi, ba ya zaunar da shi ya zuba masa surutu. In kana tsaye a gabana maganar nan ba za ta fito ba. A tarho kuwa na san kaina, zan ce maka yaya aiki, ka ce lafiya, in kashe. Shi ya sa na karɓi kayen ƙanwarka, littafin rubutunta na makaranta, na ciro takardun tsakiya.

Innarka ta gaya mini 'yan Sin ɗin da kuke aiki da su a ginin matatar mai suna fitowa da safe suna wani motsa jiki a hankali, wasu su kaɗai, wasu bibbiyu hannu a kan hannu, kuma abin ya shiga ranka har kana cigiyar inda ake sayar da littafin koyonsa. Tana faɗa tana dariya, wai ɗanta zai zama Shinuwa. Ni ban yi dariya ba. Na taɓa sayen irin littafin nan tun ba a haife ka ba. Hana ka ba zan yi ba, don na san ko na hana sai ka yi, taurin kan nan a wurina ka ɗauko shi. Zan dai gaya maka inda na yi kuskure wajen zaɓe, ko Allah Ya sa naka ya fi nawa.

Ina saurayi ɗan kokawa ne, ba na sahun gaba ba, amma ana sanin na shiga fili. Abokin gwajina shi ne Habu, ɗan unguwarmu. Ƙafarsa ta hagu ta taɓa karyewa yana ƙarami, mai ɗori ya ɗaure ta a karkace, saboda haka in yana tafiya yana ɗan jan ta a ƙasa. Kada ka raina shi don wannan, da ƙyar nake kai shi ƙasa, kuma in na kayar da shi yau gobe sai ya rama. Da rani tare muke zuwa Kano muna dako a kasuwa. A can muka kamu da finafinan kunfu, muka dawo ba mu da zance sai na tsalle da shuri.

Wata rana a Kano kusa da tasha muka tarar da wani mai baza tsofaffin littattafai a kan tabarma. A cikinsu na ga wani ɗan siriri, ba bango gaba ba bango baya, kowane shafi zanen mutum biyu ne, ɗaya da farar riga ɗaya da baƙa, hannuwansu a haɗe. Mai littattafan ya ga idona ya tsaya a kai, ya ce, "Wannan na manya ne, samari. Wanda ya haddace shi, taron ƙarti ba sa kama shi."

Habu ya ce, "To ai ba shi da bango."

Mutumin ya ce, "Bango za ku koya ko faɗa?"

Muka yi dariya, na saya. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma daga shi sauran suka fito. Kada ka sayi littafin da ba ka tabbatar cikakke ne ba. Ka tsaya a gaban mai shago ka bi shi shafi shafi, ko zai ɓata rai ya ɓata. Wanda kuma aka ce zai mai da kai gagarau kafin wata ya mutu, ko mai nuna inda ake taɓa mutum ya faɗi sumamme, ka ajiye masa abinsa. Na masu koyo ba ya cika baki.

Rubutun da ke ƙarƙashin zanen duk na Sin ne, ban san ko ɗigo ɗaya ba, na ce ai ga hoto, me zan yi da rubutu. A lokacin karatun allo kaɗai nake da shi, bokon nan da kake gani sai daga baya na koye shi a ajin manya. Saboda haka na buɗe littafin yadda hannuna ya saba buɗe littafi, daga dama, na bi zanen daga dama zuwa hagu. Ashe daga ƙarshe na faro ina tafiya zuwa farko. Ban sani ba, kuma ba yadda za a yi in sani, don motsin ya tafi sumul ko ta wace fuska. Amma ka duba abin da hakan ke nufi. Inda littafin ya ce a tura, ni jawowa nake. Inda ya ce a kawar da hannun abokin karawa, ni shigo da shi nake jikina. Shafin da na ɗauka shi ne ƙarshe kuwa, wato farkon gaskiya, mai farar riga ne a tsaye ya miƙa hannun dama, bayan wuyan hannun yana waje, yana jiran a ɗora masa. A haka nake gamawa kullum, hannu a miƙe.

Kai ba don ado aka kai ka lakwal ka yi boko ba. Ka nemi wanda aka rubuta da Faransanci, wanda kowane hoto yake da bayani a ƙarƙashinsa, yana gaya maka ƙafar da nauyinka yake kai, da lokacin shaƙar numfashi da lokacin sakinsa. Ka duba ko an zana tafin ƙafa da kibiyoyi masu nuna inda aka fito da inda za a. Hoto ba ya gaya wa mutum gaba da baya.

Sai farin nan ya zo, babban da kake jin mu muna ambata. Soja ke mulki a nan, soja ke mulki a Najeriya, aka rufe iyaka, aka koro mu gida ba hatsi ba aiki. Mun yi niyya ni da Habu mu koyi littafin tare, amma gidansu tukunya ta daina hawa murhu, ga tsohuwa ga ƙanne. Ya ce zai bi ta daji bayan Ɗan Barto, garin bakin iyaka, ya koma Kano ko ta halin ƙaƙa. Na raka shi bakin gari. Ya ce, "Kai fara da mai farar rigar. In na dawo sai in shiga baƙar, in ga ta inda za ka tsere mini."

Na bi maganarsa, na fara koyon rabin abin mutum biyu ni kaɗai. Ko a kokawa ba a yin haka, na sani sarai, amma zaman banza da yunwa suna sa mutum abin da bai yi niyya ba. Ka ji ni da kyau a nan, Ɗanjuma. Littafin mai fara koyo mutum ɗaya ne a cikinsa. Zai ɓata maka shafuka da yawa a kan tsayuwa kawai, da yadda ake lanƙwasa gwiwa, da yadda ake taku. Za ka ji ya gundure ka, to wannan shi ne na kirki. Mai mutum biyu kada ka ko taɓa shi sai kana da abokin yi wanda ka san sunan ubansa.

A cikin gari ba dama in yi. Zamanin ba irin na yanzu ba ne, saurayi in aka gan shi yana gwajin naushi da shuri sai jandarma sun so sanin wa yake shirya wa. Ga kuma bakin mutane, a ce ana fama da yunwa ɗan wane yana rawa. Sai na zaɓi tafkin nan na yamma da gari, mai tsamiya a bakinsa, wanda ya ƙafe ƙurmus a shekarar. Na zaɓi tsakar rana, lokacin da kowa ya shige inuwa. Tun muna yara ake hana mu zuwa irin wurin nan a irin lokacin nan, kuma ni ma na sha hana wasu. Amma na ga fim, na ga birni, na ɗauka na wuce wannan.

Ban taɓa jin shiru irin na wurin ba. Ba tsuntsu, ba kukan akuya, ko ƙuda babu, duk da ƙasusuwan shanun da suka zo neman ruwa suka mutu a gefe. Tsakiyar tafkin laka ce da ta bushe ta zama gari mai laushi, in ka taka sawunka ya fito har layin yatsu. Nan nake ajiye littafin in danne shi da dutse, in cire takalmi, in fara.

Da farko ba komai sai gumi da jiri. Daga baya na fara jin abin yana zuwa mini da sauƙi. In na miƙa hannu sai in ji kamar iskar wurin ta yi nauyi, in na ja baya kamar ana bi na, in na karkata kamar an ba ni hanya. Na yi murna, na ce ashe haka gwaninta take shigar mutum. Wata rana na gama, na sunkuya ɗaukar littafin, sai na ga sawu a gaban nawa. Sawun mutum ne ba takalmi, yatsunsa suna fuskantar yatsuna. Duk inda na ja baya ya matso, duk inda na matsa ya ja baya. Na hagun bai fito sosai ba, ja ne a ƙasa.

Wallahi ba tsoro na fara ji ba, daɗi na ji. Na ce Habu ne ya dawo a ɓoye, yana zuwa bayan na tafi yana taka rabinsa don ya tsokane ni, halinsa ne. Na wuce kai tsaye gidansu, na tarar da tsohuwarsa tana tankaɗen dussa. Na ce, "Inna, Habu ya dawo ne?"

Ta ce, "Wane Habu? Ko saƙo ba mu samu ba, Sani. Ko ka ji wani abu?"

Na ce ban ji ba. Washegari na karya reshen tsamiya na share wurin tas kafin in fara, na duba gabas da yamma ba kowa. Na yi abina har ƙarshe, na tsaya hannu a miƙe kamar kullum. Sai na ji an ɗora mini wani abu a bayan wuyan hannu, a hankali, da ladabi, mai sanyi kamar gindin randa. Na sauke ido ƙasa. Sawun yana nan, sabo, a kan sharar da na yi.

Mai hankali da ya gudu bai sake waiwayar wurin ba. Ni na koma washegari, na kuma komawa. Tsoro na ji ƙwarai, amma kewar Habu ta fi tsoron ƙarfi, kuma a garin da kowa ke tafiya yana barinka, wurin nan ne kaɗai ake jirana. Na rame fiye da ramar yunwa. Jar dawar taimako da ake rabawa ko an tuƙa ba ta wuce mini maƙogwaro. In mutane suna mini magana sai in ji su nesa, rana na yin tsaka kuwa ƙafafuna su ɗauke ni. Saboda haka ko da ka samu littafin da ya fi kowane kyau, kada ka kai shi inda ba mutane. Ka yi da safe, a fili, bayan ka sa wani abu a ciki, inda mai wucewa zai gan ka ya yi maka dariya. Dariyar mutane ba ta kashe kowa.

Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, shi ne ya kawo labarin. Habu bai kai Kano ba. Amai da gudawa suka kama shi a wani ƙauye da ke bayan iyaka kaɗan, mutanen wurin suka yi masa sutura. Da aka kwatanta lokacin, sai na gane an binne shi tun kafin in fara zuwa tafkin.

Ranar ban je ba. Na ɗauki littafin na kai wa Malam Nuhu, limamin unguwarmu, Allah Ya ji ƙansa, na gaya masa komai. Bai katse ni ba. Ya aika aka kira Mushe Abdu mai koyarwa a lakwal (Mushe muke ce wa malaman boko), ya miƙa masa littafin. Mushe ya juya shi, ya duba ƙananan lambobin da ke gindin shafi waɗanda ni ban taɓa kulawa da su ba, ya ce in nuna masa inda nake farawa. Na nuna. Ya fara dariya, ya ga fuskar Malam, ya daina. Ya ce, "Ai daga baya kake karantawa. Nan inda kake gamawa, nan ne gaisuwar farko. Ƙarshen kuma babu shi, an yage. Dubi, suna tsakiyar riƙon juna takarda ta ƙare."

Malam ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Mamaci ba ya dawowa, Sani. Habu yana inda Allah Ya ajiye shi, ka yi masa addu'a. Kai ne ka je wurin da ba na mutane ba, a lokacin da ba na mutane ba, ka miƙa hannu kana jira. Wanda ya amsa maka, sawun wanda kake kewa ya ara. Kuma kullum gaishe shi kake, ba ka taɓa sallamarsa ba."

Na ce, "To Malam, yaya ake sallamar?"

Ya ce, "Tana shafin da babu."

Ya yi mini rubutu na sha, ya sa na ƙone littafin a gabansa, ya hana ni bin hanyar tafkin. Na samu sauƙi, na koma cin abinci, damina ta dawo, tafkin ya cika har yara suna wanka. Abu ɗaya ne bai tafi ba. Bayan wuyan hannuna na dama, daidai faɗin yatsu, ya zauna da sanyi, ko a watan da ƙarfe ke ƙona hannu. Innarka ta gane tun makon aurenmu, na gaya mata abin da zan iya gaya mata. Da aka haife ka, mutane suna yaba mini kunya, wai ko ɗaukarka ba na yi. Kunyar tana nan, gaskiya ne. Amma ba ita kaɗai ta hana ni ba, ban so hannun nan ya taɓa ka.

Don haka shafin da za ka fara dubawa a kowane littafi shi ne na ƙarshe. Na kirki yana nuna yadda ake rufewa, yadda ake sauke hannu, a haɗa ƙafa, a rabu. In babu wannan, ajiye shi. In akwai, shi za ka fara koya kafin komai. Kuma littafi duk kyansa bayan malami yake zuwa. Kana da abin da ni ban samu ba, masu abin suna gabanka kowace safiya. Ka je ka gaishe da babbansu da ladabi, ka ce kana so. Ko ba ku jin harshen juna zai kama gwiwar hannunka ya gyara, kuma in ka nuna masa littafi, fuskarsa za ta gaya maka ko na saye ne.

Yanzu ga abin da ya sa ban bar maganar nan sai ka zo hutu ba.

Ranar Larabar da ta wuce, da ka zo gida, kana gobe za ka kwashe kayanka ka koma Damagaram, na dawo gida da tsakar rana ɗaukar igiya. Na hango ka a bayan rumbu, kai kaɗai, ba takalmi, kana gwada abin da ka gani a wurin aikinku. Na bibbiyun kake gwadawa. Ka miƙa hannun dama, ka tsaya. Sai na ga wuyan hannunka ya lanƙwasa, ka ja da baya, irin jan bayan wanda aka tura. Ba ka gan ni ba. Da ka shiga ciki na ji kana ce wa innarka, "Inna, abin nan da daɗi yake. Sai ka ji kamar da gaske wani ke tura ka."

Na zagaya bayan rumbun na duba ƙasa. Ba zan rubuta abin da na gani ba, ka riga ka sani. Na ɗauki tsintsiya na share.

Da la'asar na zauna alwala, na zuba ruwa a hannun dama, sai na ji ruwan ya fi fatar sanyi. Rabon da in ji haka tun ina saurayi. Na kira innarka na ce ta taɓa. Ta taɓa, ta sake taɓawa, ta ce, "Maigida, hannunka ya warke." Har da hawayenta na murna, tana ta godiya ga Allah. Ban gaya mata komai ba, kuma kai ma kada ka gaya mata. Tun ranar hannuna da ɗumi kamar na kowa, kuma ban taɓa jin tsoro irin wanda nake ji yanzu ba.

In ka kai nan a karatu, ka ajiye takardar ka taɓa bayan wuyan hannunka na dama. In da ɗumi, ka gode wa Allah, ka ce tsufa ya fara kama tsohonka, ba zan ji haushi ba. In kuwa ka ji abin da nake zato, kada ka sake miƙa hannu kai kaɗai, ko da wasa. Ka je wurin babban 'yan Sin ɗin nan ka roƙe shi abu ɗaya tak, ya nuna maka yadda masu yi bibbiyu suke gamawa su rabu. Ka koye shi har ya zauna maka. Sannan ka shigo motar Juma'a, ranar kasuwa, ka zo gida ka koya mini.

Za mu tsaya a ƙofar gida bayan la'asar, a gaban duk mai wucewa. Masu cewa Sani ya zubar da kunya yana wasa da ɗan farinsa, su ce. Gwiwata ta lalace, amma za ta ɗauke ni. Ka ɗora hannunka a kan nawa, mu bi abin daga farkonsa na gaskiya har ƙarshe, mu yi sallamar da na kasa yi. In ya tafi, alhamdu lillahi. In kuma dole sai ya zauna da wani, to ni na kira shi, ya dawo inda ya saba.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Ya tsare ka a inda mutane suke da inda babu kowa, daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Ya ji ƙan Habu da Malam Nuhu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Kada ka yi wasa da sallah, kada ka fita da safe ba ka yi addu'a ba. Ina jiran motar Juma'a.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sani